Daren da ƙofa ta rufe mu a waje a Jamus

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani gidan kula da tsofaffi a jihar Nordrhein-Westfalen ta ƙasar Jamus. Na daɗe ina son rubuta wannan labari saboda masu shirin tahowa da waɗanda suka iso kwanan nan. Duk wanda zai zo Turai ana ja masa kunne a kan sanyi da takardu da kaɗaici, amma ban taɓa jin an ja wa wani kunne a kan mai gyaran makulli ba. Ga shi kuwa a shekarata ta farko a ƙasar nan, babu wanda ya cuce ni cuta mai ciwo kamar mutumin da na kira da bakina don ya taimake ni.

Bari in fara da ƙofar kanta, domin wanda bai zauna a nan ba ba zai gane yadda mutum da hankalinsa zai tsinci kansa a waje ba. Yawancin ƙofofin gidajen haya a Jamus ba su da hannun murɗawa ta waje, sai wani dunƙulen ƙarfe da ba ya juyawa. Da zarar ƙofar ta koma, harshen makullin ya faɗa gurbinsa, shi ke nan, ba mai shiga sai da ɗan makulli, ko da ba a murza komai ba. Iska na iya rufe ta, yaro na iya rufe ta. Jamusawa da ita suka tashi, shi ya sa da yawansu ke ajiye makulli na biyu wurin maƙwabci ko ɗan uwa. Baƙo kuwa bai riga ya yi maƙwabcin da zai ba ajiya ba.

A watan Nuwamba na 2019 ne, ranar Lahadi da daddare. Maigidana yana aikin dare a wani gari, sai da safe zai dawo. Na leƙo bakin ƙofa in ajiye ledar shara, 'yata mai shekara uku ta biyo ni, ta ja ƙofar kamar yadda take ganin muna yi. Ina jin ƙarar, gabana ya faɗi. Tukunya tana kan wuta a ciki. Yarinya daga ita sai rigar barci da safa. Abin da ya rage mini kawai wayata da ke aljihu.

Na ƙwanƙwasa ƙofar da ke fuskantar tamu, shiru. Lambar mai kula da ginin da ke manne a ƙasan bene, na'ura ce ta amsa, wai a kira ranar Litinin. Na kira maigidana bai ɗauka ba, don ba a barinsu da waya a wurin aiki. Sai na shiga intanet na rubuta sunan garinmu da abin da nake nema. Shafin farko da ya fito yana ɗauke da sunan garin ɓaro-ɓaro, da lambar waya mai farawa da lambar yankinmu, an rubuta suna aiki dare da rana, za su iso cikin minti ashirin, farashi kuma "daga Yuro 39". Mace ce ta ɗauka. Na tambaye ta nawa zan biya, ta ce sai ma'aikacinsu ya ga ƙofar. Na sake tambaya, ta ce kada in damu, ya riga ya kamo hanya.

Mun fi awa ɗaya a kan matakalar bene. Na cire rigar sanyina na naɗe yarinyar, ina ta sunsunar bakin ƙofa ko zan ji ƙauri. Da ya iso, na hango motarsa ta tagar bene: babu sunan kamfani a jikinta, haruffan farko na lambarta kuma, waɗanda a nan su ke nuna yankin da aka yi wa mota rajista, ba na garinmu ba ne.

Ya gaishe ni da fara'a. Da ya ji yadda nake harhaɗa Jamusancina, sai ya shiga tambayoyi. Daga ina nake? Yaushe na zo? Ina mijina? A lokacin na ɗauka kirki ne. Yanzu na san auna ni yake yi. Ya miƙo wata takarda cike da ƙananan rubutu ya ce in sa hannu, ba zai taɓa ƙofar ba sai na sa. Wurin farashi babu komai. Yarinya tana kuka, tukunya tana kan wuta, na sa hannu.

Ya ɗan girgiza ƙofar, ya taɓe baki, ya ce wannan makulli ne na musamman, ba zai buɗu ba sai an huda shi. Na ce masa ba a murza makullin ba, jan ƙofar kawai aka yi. Ya ce shi ne gwani ko ni? Ya ɗauko injin huda, cikin 'yan mintoci ya ragargaza silindar, wato ɓangaren da ake zura ɗan makulli a ciki, ƙofa ta buɗe. Na ruga na kashe wuta. Alhamdulillahi ruwan tukunyar ne kawai ya ƙone. Kafin in dawo ya riga ya ɗaura sabuwar silinda ba tare da ya tambaye ni ba, yana tsaye cikin falona yana cike takardar nan.

Yuro 840.

Na ɗauka idona ne. Ya bi layi-layi yana nuna mini da biro: kuɗin buɗe ƙofa, ƙarin ranar Lahadi, ƙarin aikin dare, kuɗin zuwa da komawa, kuɗin amfani da kayan aiki na musamman, sabuwar silinda sama da Yuro 200, sannan harajin kashi 19 cikin ɗari a kan duka. Jimillar ta zarce kuɗin hayarmu na wata guda. Na ce ai shafinsu 39 ya ce. Ya ce "daga" aka rubuta. Na ce ba ni da wannan kuɗi, sai dai ya turo mini takarda in biya daga baya. Nan fara'ar ta ɓace. Ya ce a yanzu ake biya, in ba haka ba zai cire silindarsa ya bar mu da ƙofa a buɗe. Sai kuma ya sassauta murya ya ce zai kira 'yan sanda, kuma in sani duk abin da 'yan sanda suka rubuta a kan baƙo yana isa ofishin kula da baƙi, ranar da zan je sabunta izinin zama zan tarar da shi.

Wannan maganar ce ta karya ni. Ya zaro na'urar karɓar kuɗi daga aljihunsa, na ɗauko katina, na danna lambobin sirri hannuna yana rawa.

Ina so masu karatu su tsaya a nan su duba da kyau, don a nan gaba ɗaya cutar take. Mutumin nan bai fi ni ƙarfin hujja ba. Ya dai san abin da baƙo yake tsoro. Wanda izinin zamansa na shekara ɗaya ko biyu ne yana rayuwa ne yana taka-tsantsan, ba ya son sunansa ya shiga kowace takarda, ba ya son maƙwabta su ji hayaniya daga ɗakinsa. Bai san farashin komai ba, don ba shi da abin da zai kwatanta. An kuma cika masa kunne cewa a Turai komai da tsada, komai kuma bisa doka yake, saboda haka idan ya ga takarda mai tambari da lissafin haraji sai ya ɗauka haka tsarin yake. Ga harshe: mutum yana iya zama mai kaifin baki a harshensa, amma cikin harshen da yake koyo sai ya koma kamar yaro, kalmar musu ta maƙale masa. Duk wannan mutumin ya karanta a fuskata kafin ya buɗe jakar kayansa.

Da safe na faɗa wa maigidana. Ya daɗe bai ce komai ba. Na ce, "Malam, ko za mu kai ƙara?" Ya ce, "Wa za mu kai wa? Kin sa hannu, kin biya. Mu bar shi da Allah, kada mu jawo wa kanmu abin da ya fi wannan." Ban ga laifinsa ba, tsoronmu ɗaya ne. Muka ja bakinmu muka yi shiru. Watan nan da na bayansa sai da muka ƙuntata wa kanmu sosai, abin da muka saba aika wa iyaye ma bai samu ba, kuma ban iya faɗa musu dalili ba.

Sai a watan Fabrairu na 2020 maganar ta fito, a ɗakin hutu a wurin aiki. Wata abokiyar aikina Bajamushiya, wadda ta girme ni sosai, tana ba da labarin yadda irin waɗannan mutane suka yi wa mahaifiyarta tsohuwa. Na yi mamaki ƙwarai, don na ɗauka mu baƙi kaɗai ake yi wa. Da na ba ta nawa labarin, sai ta ajiye kofinta ta ce gobe in zo da takardar. Ita ta samo mini lokacin ganawa a ofishin kare haƙƙin masu saye, wanda ake kira Verbraucherzentrale. Kowace jiha a Jamus tana da nata, kuma da ɗan kuɗi kaɗan ake ba mutum shawarar doka, ba a tambayarsa fasfo ko izinin zama.

Abin da na ji a ofishin nan ya sa na yi kuka, ba don kuɗin ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Matar da ta duba takardata ta ce ƙofar da aka ja kawai ba a murza makullinta ba, wanda ya san aikinsa yakan buɗe ta cikin 'yan mintoci da wani siririn kati ko waya, ba tare da ya lalata komai ba, kuma da rana a ranar aiki kuɗin ba ya cika wuce Yuro 100. Ƙarin dare da na Lahadi halas ne, amma ko an haɗa da shi ba a zuwa kusa da abin da na biya. Huda silinda ita ce dabarar: a lalata abin da yake lafiya don a sayar maka da sabo. Ta ce buɗe ƙofa ba ya cikin sana'o'in da sai mai takardar ƙwarewa zai yi su a Jamus, kowa na iya yin rajista ya fara. Lambar garinmu da na gani kuwa, a irin wannan harka sau da yawa tana kai kira ne zuwa wata cibiyar amsa waya a wani wuri can daban, su kuma su tura duk wanda ke hannu, ya yi aikin ya ba su kasonsu mai tsoka. Shi ya sa yake zuwa daga nesa, shi ya sa kuma yake tatsa.

Sannan ta buɗe mini doka. Sashe na 138 na kundin dokokin hulɗar jama'a ya ce yarjejeniyar da aka ƙulla ta hanyar cin gajiyar halin ƙunci ko rashin sanin wani, aka karɓi abin da ya yi wa ƙimar aikin nisa, ba ta da inganci tun daga tushe. Ma'aunin da kotuna suka saba bi shi ne idan farashin ya kai ninki biyu na abin da aka saba. Sa hannuna bai halasta haramun ba. Sashe na 291 na kundin laifuka kuma ya mai da irin wannan tsawwalawa laifin da ake hukuntawa. Ta ba ni labarin shari'ar da aka yi a kotun Kleve, a wannan jihar tamu, inda a 2018 aka yanke wa wasu mutum biyu hukuncin ɗauri saboda gudanar da irin wannan harka a faɗin ƙasar da sunayen kamfanonin da suke nuna kamar na gari ne alhali babu su. Shari'ar ta kai babbar kotun tarayya ta Bundesgerichtshof da ke Karlsruhe, wadda a watan Janairu na 2020, makonni kaɗan kafin zamana a ofishin nan, ta tabbatar cewa wanda ƙofa ta rufe a waje yana cikin halin ƙuncin da doka take nufi.

Na tambaye ta maganar 'yan sanda da izinin zama. Ta girgiza kai ta ce saɓani a kan kuɗin aiki ba laifi ba ne, ba ruwansa da takarduna. Mai matsa wa mutum da barazana shi ne doka ke kira mai laifi. Ina da ikon in ce masa ya fita mini daga gida, idan ya ƙi, ya shiga wani laifin. Ni ce ya kamata in kira 110, lambar 'yan sanda, a daren nan. Abin da ya tsorata ni da shi, shi ne abin da shi kansa ya fi tsoro.

Ta rubuta wasiƙar neman a mayar mini da rarar kuɗin. Wasiƙar ta dawo, babu kamfani a adireshin. Banki ya ce kuɗin da aka biya da kati da lambar sirri ba ya janyuwa. Na je ofishin 'yan sanda na shigar da ƙara, ƙafafuna suna sanyi, amma jami'in da ya saurare ni bai yi mini ko kallon banza ba. Daga baya wasiƙa ta zo daga ofishin mai gabatar da ƙara cewa an haɗa ƙorafina da na wasu. Kuɗin dai har yau ba su dawo ba. Izinin zamana kuwa an sabunta shi ba tare da kowa ya ta da maganar ba.

Ba na so a fahimce ni baibai. Aikin hannu a Jamus yana da tsada ta gaskiya. Mai gyaran famfo ko wuta yana lissafa awarsa da kuɗin zuwansa da haraji, kuma mutum ne da ya shafe shekaru yana koyon sana'ar. Na ga 'yan uwa suna kiran kowane ma'aikaci ɓarawo don kawai kuɗinsa ya fi abin da suka zata, kuma wannan ma zalunci ne. A unguwarmu akwai wani dattijo mai ɗan shagon makullai. Da na kai masa makullin da aka ba ni a daren nan, ya juya shi ya ce silindar daga cikin mafi araha ce, wadda ake samu a kowane kantin kayan gini. Ya canza mini ita da mai kyau, ya faɗa mini kuɗin kafin ya fara, ya ba ni rasit mai suna da adireshi. Lambarsa tana cikin wayata har yanzu. Bambancin mai tsada da macuci a fili yake: na farko yana faɗin farashi tun kafin ya taɓa komai, ana kuma iya zuwa shagonsa a same shi gobe.

Irin wannan tarko bai tsaya ga makulli ba. Masu buɗe bututun da ya toshe da masu feshin ƙwari da ake kira cikin gaggawa, akwai masu bin wannan hanya a cikinsu: talla mai arha, lambar gari, takarda ba farashi, a biya yanzu. Da bututun banɗakinmu ya toshe bayan shekara ɗaya, ban taɓa intanet ba. Mamallakin gida na kira, domin na riga na koyi cewa a dokar haya ta Jamus gyaran gida nauyinsa ne, sai dai ƙananan gyare-gyare idan an rubuta su a takardar haya, su ma da iyaka, kusan Yuro 100 kowane ɗaya. Ɗan haya da ya kira ma'aikaci da kansa ba tare da sanar da mamallaki ba yana iya ƙarewa da biyan abin da ba nasa ba. Ga shi kuma mamallakin yana da ma'aikatan da ya saba da su, waɗanda ba za su yi masa wasa da lissafi ba.

Akwai kuma wata cutar da ta fi mini ciwo, don daga cikinmu take fitowa. Wani baƙo ɗan uwanka da ya riga ka zuwa zai ce zai yi maka fenti ko ya kwashe maka kaya da arha, kuɗi hannu, ba rasit, "ai mu ɗaya ne". Idan aikin ya lalace ba ka da inda za ka, domin tun 2013 babbar kotun tarayya ta yanke cewa aikin da aka shirya a ɓoye don kauce wa haraji babu haƙƙin neman gyara a kansa. Wanda kuwa ya karɓi rasit ya biya ta banki, yana iya cire kashi 20 cikin ɗari na kuɗin ƙwadagon daga harajinsa, har zuwa Yuro 1,200 a shekara. Sau da yawa idan aka yi lissafi, arhar nan ba arha ba ce.

Tun daga lokacin na daina ɓoye labarina. A duk taron 'yan uwa sai na faɗe shi, har da adadin kuɗin. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yawan waɗanda suka ja ni gefe suka ce su ma an yi musu, ba su dai taɓa faɗa wa kowa ba. Magidanci mai digiri biyu, ɗaliba, direban babbar mota. Kowa yana ganin shi kaɗai ne aka mayar wawa. Da na farkonmu ya yi magana, da na biyu bai faɗa tarkon ba.

A hunturun da ya wuce, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, wayata ta yi ƙara. Wani yaro ne ɗalibi da bai daɗe da zuwa ba, wanda ya taɓa jin labarina a wani taron suna. Muryarsa tana rawa ya ce, "Anti, don Allah ki taimake ni, an buɗe mini ƙofa, mutumin yana neman Yuro 600, ya ce ba zai tafi ba, wai zai kira 'yan sanda."

Na ce, "Ƙanena, kwantar da hankalinka. Ka biya wani abu?" Ya ce a'a. Na ce, "To ka ɗauki hoton takardar, ka leƙa ka ɗauki lambar motarsa. Ka ce masa ya turo maka takardar biya mai suna da adireshin kamfani, za ka duba ka biya abin da ya dace. Ka ce ya fita daga ɗakinka. In ya ƙi, kai ka kira 110, yana ji yana gani."

"Anti, takarduna fa?"

"Babu abin da zai taɓa takardunka. Ni na shigar da ƙara da kaina, ga ni nan zaune. Kira."

Ya kashe, na zauna riƙe da wayar ina addu'a. Da ya sake kira ya ce yana fara danna lambar 'yan sanda sai mutumin ya sauko zuwa Yuro 300. Shi kuwa ya ci gaba da kiran. 'Yan sanda biyu suka zo, suka rubuta sunan mutumin, suka ce ba su ke yanke farashi ba, amma ba wanda zai tilasta wa wani biya a tsaye cikin dare. Yaron ya ba da Yuro 150, ya sa aka rubuta masa shaidar ya biya, mutumin ya tattara kayansa ya sauka. Takardar neman ragowar kuɗin ba ta taɓa zuwa ba. Washegari ya je ya yanko makulli na biyu ya kawo mini ajiya, yana nan cikin aljihun tebur tare da na wasu gidaje uku.